Darasi: Gubar Kadmiyam da Amanar Iyali

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.). Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi na Kelle, ku sani kiyaye rai da zuriya yana cikin manyan manufofin Shari'a.

Kadmiyam wani ƙarfe ne mai guba. Idan ya shiga jiki yakan zauna cikin ƙoda shekara 10 zuwa 30, ya lalata ta, ya raunana ƙashi. A Toyama ta ƙasar Japan, ruwan ma'adinai ya gurɓata gonakin shinkafa, aka sami ciwon ƙashi mai tsanani, wanda hukuma ta danganta da wannan guba a 1968. Mafi yawan majinyatan mata ne da suka haihu da yawa.

Me ya sa mata? Domin jikin da sinadarin ƙarfe na jini ya ƙaranta gare shi ya fi tsotsar gubar daga abinci, ciki da haihuwa kuwa suna rage wannan sinadari.

A wurinmu ƙofofinsa su ne: taba da hayaƙinta, da wasu tsofaffin batura masu caji da yara ke fasawa ko ake ƙonawa a juji.

Saboda haka, ya magidanta, mu fitar da taba daga gidajenmu, mu raba yara da juji. Mu bar matanmu su je awon ciki, su sha maganin ƙarin jini, mu ciyar da su wake da nama gwargwadon hali. Za a tambaye mu wannan amana ranar Alƙiyama.

Allah Shi ne Mafi sani.