An ɗauke wuta, filash ya rikice: abin da chkdsk ke gyarawa da abin da ba ya gyarawa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a Talata Mafara lokacin da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau ke rububin kammala furojek ya san yadda abin yake. Ana tsaka da ajiye aiki sai a ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta kwamfutar tebur ta mutu. Da an kunna, sai Windows ta ce filash na da matsala, ko folda ta buɗe da sunaye marasa kan gado. Haka yake faruwa da masu tura waƙoƙi da wa'azi a memori a kasuwannin Bakura da Maradun, idan aka fizge kati tun kwafi bai ƙare ba.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a yi chkdsk. Ba laifi, amma ka fara sanin aikinsa.

Ajiye fayil ba rubutu ɗaya ba ne. Kwamfuta na zuba bayanan a ƙananan gurabe na faifai, ta rubuta a tebur cewa gurbi kaza na biye da gurbi kaza, sannan ta rubuta sunan fayil da girmansa a folda. Kamar mai sito ne da ya shigar da buhuna, sannan ya koma littafi ya rubuta mai su. Idan wuta ta yanke a tsakani, za ka samu buhunan da ba su da mai su a littafi, ko sunan mutum da buhu goma alhali bakwai ne a ƙasa, ko mutum biyu da aka rubuta wa buhu ɗaya.

Aikin chkdsk shi ne ya sa littafi ya yi daidai da sito, ba ya dawo maka da kayanka ba. Idan ya ga girman fayil bai dace da gurabensa ba, yana iya datse shi. Tsarin ya gyaru, babu sauran ƙorafi, amma babi na huɗu na furojek ya tafi.

Wannan ya fi tsanani a filash da memori. Yawancinsu na zuwa da FAT32, tsarin da ya fito a 1996, ko exFAT na 2006 wanda ake sa wa katin da ya wuce 32GB. Duka biyun ba su da kundin niyya, wato wurin da kwamfuta ke fara rubuta abin da za ta canza kafin ta canza shi. NTFS, wanda ya zo da Windows NT a 1993, yana da shi, haka ma ext4 na Linux. Shi ya sa faifan cikin kwamfuta kan farfaɗo da kansa bayan yankewar wuta. Sai dai kundin na kare tsarin ne kawai, ba abin da ka rubuta a cikin Word ba.

To ga yadda nake ba da shawarar a bi. Kafin komai, kwafe duk abin da ke buɗuwa zuwa wani faifai. Sannan ka buɗe Command Prompt da ikon mai kula da kwamfuta, ka rubuta chkdsk E: kawai, idan E ne harafin filash ɗin. A haka dubawa yake yi, ba ya taɓa komai. Sai ka gama kwafi za ka rubuta chkdsk E: /f. A kan FAT32 zai iya tambayarka ko ya mayar da guraben da suka ɓace su zama fayiloli. Ka danna Y. Idan ka danna N, ya mayar da su fili ke nan, kuma abu na gaba da ka ajiye zai iya hawa kansu. Abin da ya tsinto yana zuba shi a ɓoyayyar folda mai suna FOUND.000, da sunaye irin FILE0000.CHK. Da yawa na ɗauka ƙwayar cuta ce su goge, alhali wani lokaci canza ƙarshen sunan zuwa .jpg ko .docx ya isa ya buɗe.

Shi kuwa /r yana karanta faifan gaba ɗaya don neman guraben da suka lalace, yana iya cin awanni. Kada ka fara shi da janareta mai ƙarancin mai. Idan kuma faifan na ƙara ƙas-ƙas, kashe kwamfutar, domin dogon karatu na iya ƙarasa shi.

Idan Windows ta nuna filash a matsayin RAW tana neman a yi fomat, ka ƙi. A nan chkdsk ba ya aiki. Nemi TestDisk da PhotoRec na Christophe Grenier, kyauta ne, kuma ka ajiye abin da suka ciro a wani faifai daban.

Masu Linux, naku shi ne fsck. Ku fara da fsck -n don dubawa kawai, kada ku yi gyara a ɓangaren da tsarin ke amfani da shi a lokacin, kuma tsintuwarku na cikin foldar lost+found.