Ba Duk Mai Tsalle Ne Fara Ba

A shafin kimiyya na wannan makon mun kawo muku wasu ƙananan ƙwari da ke zama a jikin masara da dawa da shinkafa. Da an taɓa ganyen sai su yi tsalle su ɓace, shi ya sa yara da yawa ke ce musu 'ya'yan fara. To ba 'ya'yan fara ba ne. A Turance sunansu na nufin masu tsalle a kan shuka, masana kuma suna kiransu Fulgoromorpha. Mu a nan za mu ce musu 'yan tsotso.

Kafin mu shiga cikinsu, bari mu tuna yadda ake rarraba halittu. Idan za a aiko maka da wasiƙa, sai a rubuta Najeriya, Jihar Katsina, birnin Katsina, unguwar Rafin Daɗi, gidan wane, sannan sunanka. Haka kowace halitta take da adireshi, daga babban rukuni zuwa ƙarami. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ne ya daidaita wa dabbobi wannan tsari a 1758. Ya ba kowane iri suna biyu da Latin, na farko sunan gida, na biyu sunan kansa.

Ga adireshin 'yan tsotso. Suna cikin masarautar dabbobi. Suna cikin reshen Arthropoda, wato masu gaɓoɓi a ƙafa, inda kunama da gizo-gizo suke. Suna cikin ajin Insecta, masu ƙafa shida. Har zuwa nan hanyarsu ɗaya da fara. Daga nan ne aka rabu. Fara da gyare sun shiga rukunin Orthoptera, 'yan tsotso kuwa sun shiga Hemiptera.

Me ya raba su? Baki. Fara tana da muƙamuƙi, tauna take yi, shi ya sa idan ta sauka a gona ake ganin ganye a yayyage. Ɗan tsotso ba ya tauna. Bakinsa kamar allura yake, yana soka shi a jikin shuka ya zuƙe ruwan. Ganyen yana nan ba huda da ido zai gani, amma shukar tana ramewa. Kun san wa ke da irin wannan bakin? Kuɗin cizo! Shi ma ɗan Hemiptera ne, haka ma ƙwarin darɓa. Ke nan ɗan tsotso ya fi kusa da kuɗin cizo a kan farar da muke saya da yaji a bakin makaranta. Kada wanda ya ce zai soya shi.

An san iri sama da 12,500 na 'yan tsotso a duniya, an kasa su dangi-dangi. Ba za mu lissafa su duka ba, allon ba zai ɗauka ba. Dangin da ya fi shafar manoma shi ne Delphacidae, mai iri wajen 2,000. Alamarsu ita ce wata ƙaya babba mai motsi a ƙarshen ƙwaurin ƙafar baya, kamar ta zakara.

A cikin wannan dangin akwai Peregrinus maidis. Sunan na nufin matafiyin masara, kuma ya dace da shi, don ana samunsa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya da Amurka. Bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba. Macen tana tsaga jijiyar tsakiyar ganye ta zuba ƙwai a ciki, 'ya'yan kuma su taru a cikin zuciyar masara ko dawa inda ganye ke naɗe. Suna fitar da wani ruwa mai zaƙi da ke jawo tururuwa, daga baya ganyen ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Babbar ɓarnarsa ita ce ɗaukar cuta. Idan ya tsotsi shuka mai ciwo ya koma kan lafiyayya, sai ya sa mata ƙwayar cutar, kamar yadda sauro ke yi mana da maleriya. Duk mai 'yan uwa da ke noman masara a Funtuwa ko Bakori ko Malumfashi ya san abin da gona mai tsumburarriyar masara ke nufi ga gida.

Sai dai a kula. Akwai wasu masu tsalle da suka yi kama da su ƙwarai, dangin Cicadellidae. Su ma Hemiptera ne amma ba 'yan tsotsonmu ba ne. A cikinsu akwai Cicadulina, mai yaɗa cutar da ke yi wa ganyen masara zane-zanen rawaya, wadda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da irin masara mai jure mata. Waɗannan ƙafarsu ta baya layin ƙananan ƙayoyi ne jere, ba ƙaya ɗaya babba ba.

Wani zai ce, to mene ne amfanin wannan wahalar, ba a fesa magani kawai a huta ba? Ga abin da ya faru a Indonesiya. Wani ɗan Delphacidae mai suna Nilaparvata lugens ya addabi shinkafarsu, gona ta bushe kamar an sa mata wuta. Manoma suka yi ta feshi, ƙwarin suka yi ta ƙaruwa. Da aka bincika sai aka ga maganin yana kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye su, ƙwan da ke ɓoye cikin shuka kuma yana tsira. A 1986 gwamnatin ƙasar ta hana fesa magunguna 57 a gonar shinkafa. Mu a ganinmu wannan labari ya kamata masu noman rani a Jibiya da Ajiwa su ji shi.

Akwai na ban mamaki kuma a cikinsu. A 2013 masana biyu a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun gano cewa 'ya'yan wani iri mai suna Issus coleoptratus suna da haƙora a gindin ƙafafun baya da ke shiga juna kamar giyar inji, don ƙafafun biyu su tashi lokaci ɗaya idan za a yi tsalle.

Wanda zai je gona ranar Asabar ya buɗe zuciyar masara a hankali, musamman inda ya ga tururuwa na hawa da sauka. Idan ya kama ƙwaro ya sa a kwalba mai haske, ya duba ƙasan kai ko akwai allura a kwance, ya duba gashin kai ko a ƙarƙashin ido yake mai kumburin gindi, sannan ya duba ƙafar baya. A kawo mana ranar Litinin mu ari gilashin ƙara girma a ɗakin gwaji mu duba tare.