Dala Ba Ta Zaman Makoki

'Ya'yana, ku matso in ba ku labarin wasu mutane na nesa: mutanen Meksiko da maƙwabtansu na Guwatamala da Honduras da El Salbado, masu jin Sifaniyanci. Da wuya a sami al'ummar da ta fi su riƙon dangi, da wuya kuma a sami wadda tafiya ta wargaza kamarsu. Na san a cikinku akwai mai mafarkin Agadas, akwai mai mafarkin Jidda, shi ya sa nake so ku ji abin da ya sami waɗanda suka riga ku fita.

A wurinsu gida bai tsaya ga miji da mata da 'ya'ya ba. Kaka na ciki, kawu da goggo na ciki, har wanda ya tsaya wa yaro ranar baftisma ya zama ɗan'uwa na har abada. Saurayinsu ba don ya gaji da iyayensa yake kama hanyar Amurka ba. Ɗakin uwarsa ne ke yoyo, ƙanwarsa ce ke son karatu, gonar masara ce ta daina ciyar da gida. Ƙaunar dangi ke fitar da shi.

Abin ya soma ne kamar cin rani. A 1942, da yaƙin duniya ya kwashe majiya ƙarfi daga gonakin Amurka, Amurka da Meksiko suka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Bracero, wadda ta kai har 1964, aka rattaba kwangila sama da miliyan 4. Mutum ya je Kalifoniya ko Teksas ya tsinci auduga da tumatir, aiki ya ƙare ya dawo wa iyalinsa. A shekarun farko an riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na ladansu, wai ajiya ce za su karɓa a gida. Da yawansu sun tsufa sun rasu ba su ga ko anini ba. Bayan an rufe shirin ma ƙafa ba ta ɗauke ba. Ana ƙetarawa ba takarda, a dawo a Disamba a yi bukukuwa da iyali, a sake komawa.

A 1986 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta ba wajen mutum miliyan 2.7 izinin zama. Waɗanda suka zo daga baya ba su taki wannan sa'a ba. Daga 1994 aka tsananta tsaron iyaka a wajen San Diyego, hanya ta koma hamadar Arizona inda ƙishirwa ke kisa, masu fasa-ƙwaurin mutane suka tsawwala kuɗi. Dokar 1996 kuma ta ce wanda ya shekara a ƙasar ba izini, in ya fita, sai ya yi shekara 10 kafin a bar shi ya dawo. To wa zai je ganin gida? An yi katanga don a hana shiga, sai ta hana fita. Mai zuwa ya dawo ya zama mazauni, ba da son ransa ba.

Ban ce tafiyar ba ta yi rana ba, kada ku ji ni a karkace. A 2023 kaɗai kuɗin da aka aika Meksiko ya haura dala biliyan 63, a Honduras da El Salbado kuwa kuɗin aike ya kai wajen rubu'in arzikin ƙasa. 'Yan jihar Zacatecas ta Meksiko mazauna Los Anjeles da Shikago sun kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, suna haɗa kuɗi a ja ruwa, a shimfiɗa titi, a gyara makaranta. Har a 2002 gwamnatin tarayya ta rungumi tsarin: kowace dala ɗaya da suka kawo, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma su ɗora ɗaiɗai. Wannan abin koyi ne, na yaba.

Amma ku shiga ƙauyukan jihar Michoacán ta Meksiko ku gani. Benaye masu fenti, ƙofofin ƙarfe a garƙame, ciyawa ta cinye tsakar gida. Mai gidan bai taɓa kwana a ciki ba, a hoto ya san shi. Ranar da uwa ta cika, ƙanwa ce ke ɗaga waya a maƙabarta, tana juya ta hagu da dama don yayanta ya ga ana saukar da akwati. Shi kuwa yana tsaye a bayan ɗakin girkin wani gidan abinci, hannunsa da kumfar sabulu, an ba shi hutun minti kaɗan. Shi ya biya kuɗin akwatin, shi ya biya na furanni. Abin da ya kasa saye shi ne ya zauna a ɗakin a yi masa gaisuwa. Gwamnatin jihar ta kai ga ƙirƙiro shiri, Palomas Mensajeras, na nema wa tsofaffi biza su je su ga 'ya'yan da suka yi shekara ashirin ko fiye ba su sa a ido ba. A El Paso kuma an sha shirya rana guda a bar iyalai su haɗu a tsakiyar kogin iyaka, su rungumi juna na 'yan mintoci, sannan kowa ya koma gaɓarsa.

Don haka, ɗana, kafin ka tambayi nawa ake samu a can, tambayi ko hanyar da za ka bi tana dawowa. Mun gaji cewa zumunta a ƙafa take. Wanda ya fita ta hanyar da za ta ɗaure masa ƙafa, ya san abin da ya jinginar.

In ka isa, faɗi gaskiya. Yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin waɗannan iyalai daga ɓoyon wahala yake tasowa. Mutum na kwana su shida a ɗaki, yana aikin rufin gida cikin zafin Teksas, amma kunya ta sa ya jingina da motar wani ya aiko hoto. Na gida su ɗauka kuɗi a ƙasa yake shara, buƙata ta hau buƙata, ran da ya gaza a ce ya manta asalinsa. Ku ma na gida kuna da naku: kada wayarku ta zama ta "a turo" kaɗai. Ku kira shi haka kawai, ku ce yaya jiki, ku ba shi labarin wanda ya yi aure da yadda damina ta kasance.

Ku kula da 'ya'yan da za a haifa a can. Yarinya 'yar shekara tara kan zama tafintar gida, ita ce tsakanin ubanta da likita, tana fassara masa cutar da ba ta kai ta ji sunanta ba. Nauyi ne da ya fi wuyanta. Zuwa jikoki kuma sau da yawa Sifaniyancin ya zube, kaka na magana a waya yaro na murmushi kawai. Harshen waje zai samu a makaranta ko kun so ko kun ƙi. Na gida sai kun dage a kan tabarmar cin abinci.

Akwai kuma wadda ba a cika ambata ba, 'yar'uwar da ta zauna. Ita ta yi jinya, ita ta kwana a asibiti, ita ta yi wankin tsohuwa shekara da shekaru. In an zo rabon gado sai ka ji ɗaya na cewa ni na gina gidan, ɗaya na cewa ni na riƙe masu gidan, kuma kowannensu da gaskiyarsa. Kada ku bari sai bayan rai. Tun iyaye na da lafiya ku zauna, na nesa a waya, na kusa a gabansu, a faɗi wane ne da gida, wane ne da gona, a kuma yanka wa mai jinya nata rabo daga kuɗin da ake aikowa kowane wata, a rubuta, a sa shaidu.