Ɗakina ba ya zama a kintse

Tambaya: Kullum sai na gyara ɗaki, amma kafin la'asar ya hargitse. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, daina faɗa da halinki. Lura da inda kike yar da hijabi idan kin shigo, nan za ki kafa maratayi. Idan maigida a bakin ƙofa yake ajiye hula da makulli, sa masa ɗan kwando a wurin, ya fi ki yi ta mita. Gishiri da daddawa su zauna kusa da murhu, tukwanen biki su hau saman kabad. Yara kuwa ba sa buɗe durowa, sai buɗaɗɗen kwando daidai tsayinsu. Fara da bakin ƙofa a wannan makon.