Tsirrai da Ƙwaƙwalwa: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Da wuya ka shiga kasuwa ko tashar mota ba ka ji mai lasifika yana tallar maganin ƙwaƙwalwa ba. Ya ce yaro ya sha da zuma, hadda ta zauna. Tsoho ya sha, mantuwa ta kau. Mai ƙuncin rai ya sha, zuciyarsa ta yi fari. Wasu su saye da gudu, wasu su ce duk ƙarya ce. To, gaskiyar magana ita ce akwai tsirran da suke taɓa ƙwaƙwalwa sosai, kuma saboda haka ne ya wajaba a yi hankali da su.

Bari mu fara da wanda kowa ya sani, watau zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Ga shi nan a juji da bayan gari, da farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Wanda ya sha shi, bakinsa yakan bushe ƙamas, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi ba gumi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Sai ka gan shi yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa, yana magana da mutanen da ba sa wurin. In Allah ya sa ya farfaɗo, ka tambaye shi abin da ya faru jiya, ba zai iya gaya maka ba. Me ya kawo haka? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira asetilkolin, shi ne kamar ɗan aike tsakanin jijiya da jijiya, kuma koyo da tuna abu sun dogara da shi ƙwarai. Sinadarin da ke cikin zaƙami, sikofolamin, yakan rufe ƙofa ne a gaban wannan ɗan aike, saƙo ya kasa isa. Samarin da ke zuba shi cikin zoɓo ko kunu a wurin biki da sunan wasa, su san cewa ba a iya auna ƙarfinsa da ido, kuma yana kisa. Wanda ya sha, a kai shi asibiti nan take.

Yanzu kuma sai mu gangara kudu, ƙasar Kalaba. Mutanen Efik suna da wani wake mai dafi da suke kira esere. A da can, in an zargi mutum da maita, shi ake ba shi ya sha: in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu a ce laifinsa ya tabbata. Turawan mishan na Sikotilan suka kai waken Edinbara, har wani likita, Robert Christison, ya gwada a kansa a 1855, ya sha da ƙyar. A 1864 aka ware sinadarin da ke ciki, fisostigmin. Aikinsa kishiyar na zaƙami ne, domin yana hana jiki saurin rusa asetilkolin, sai ya taru. Shi ya sa har yau likitoci kan yi amfani da shi a kan mai gubar zaƙami mai tsanani, kuma a kan tsarinsa aka ƙera ribastigmin, ɗaya daga cikin magungunan cutar mantuwa ta tsofaffi da ake kira Alzaima. Haka nan galantamin, wanda masana a Bulgeriya suka fitar daga wani farin fure na ƙasashen sanyi a shekarun 1950, Amurka kuma ta amince da shi a 2001. Ka ga dai dafi ya zama magani, amma fa sai da aka ware shi, aka auna shi da miligiram, aka gwada a kan mutane. Duk da haka waɗannan magunguna ba sa warkar da cutar, sauƙi kawai suke kawowa na wani lokaci.

Maganar gwaji tana bukatar bayani, domin a nan ake yawan ruɗa jama'a. Za ka ji an ce masana sun tabbatar ganye kaza yana ƙara basira. In ka bincika, sau da yawa ɓeraye aka gwada. Akan ba ɓera sikofolamin don ya yi mantuwa, a ba shi ruwan ganyen, sa'an nan a saka shi cikin baho mai ruwa a ga ko zai tuna inda aka ɓoye ɗan dandamalin da zai hau ya huta. Richard Morris ne ya fito da wannan dabara a farkon shekarun 1980. Aiki ne mai kyau, jami'o'inmu ma suna yin sa da zogale da sauran tsirranmu, kuma sun cancanci yabo. Sai dai matakin farko ne kurum. Ɓera ba ya haddace izu.

Dubi abin da ya faru da ginko, itacen ƙasar Sin da aka daɗe ana sayar da ruwan ganyensa a duniya a matsayin maganin mantuwa. A Amurka aka tara tsofaffi 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, aka ba rabi ginko, rabi kuma ƙwaya marar magani, ba wanda ya san abin da yake sha. Aka bi su wajen shekara shida. Da aka fitar da sakamako a 2008, sai ga shi ginko bai rage yawan masu kamuwa da cutar mantuwa ba. Ga kuma wani fure mai ruwan ɗorawa na Turai, Hypericum, wanda gwaji ya nuna yana taimakon masu ƙuncin rai marar tsanani, amma yana sa hanta ta yi saurin kawar da wasu magunguna, har ƙwayar tazarar haihuwa da maganin ƙanjamau su rasa ƙarfi. Masu cewa “ai na gargajiya ne, in bai yi magani ba, ba zai cutar ba”, su lura da wannan.

Goro fa? Sinadarinsa kafeyin yana kore gyangyaɗi, yana kaifafa hankali na ɗan lokaci, wannan ba shakka. Amma ɗalibin da ya kwana yana taunarsa daren jarrabawa ya yi asara, gama a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take kafa abin da aka koya da rana, kuma bayan awa biyar rabin sinadarin yana nan a jini. Malaman tsangaya da ke sa almajiri ya biya allonsa da asuba, ya kuma maimaita bayan magariba, a ganina sun fi mai tallar magani sanin sirrin hadda.

In za ka sayi maganin gargajiya na kwalba, duba lambar hukumar NAFDAC, ka kuma karanta abin da aka rubuta. Da yawa suna ɗauke da bayanin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Watau an duba lafiyar shan abin, ba a shaida yana warkarwa ba. Mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da mai farfaɗiya, da mai shan maganin hawan jini ko na tsinka jini, kada su sha sai da shawarar likita.

Tsohon da ya fara mance hanyar masallacin unguwarsu, ko yake tambayar abu ɗaya sau da yawa a zama ɗaya, kada a ce tsufa ne kawai a yi ta ɗura masa jiƙo. Ƙarancin bitamin B12, da ciwon maƙoƙo, da ƙuncin rai, da wasu ƙwayoyin asibiti ma, duk suna kawo mantuwar da ake iya gyarawa in an gano da wuri. Ranar da za a kai shi wurin likita, a haɗa da duk kwalba da ƙullin garin da yake sha, a faɗi sau nawa yake sha a rana da kuma tun yaushe ya fara.