Takardar Gona, Sanarwar Rasuwa, da Bakin Tsofaffi

Ɗana, an gaya mini abin da ka sa a gaba. Wai kana son ka bi sawun gidanku, ka san waɗanda suka haifi iyayen iyayenka, tun daga Wurno har Rabah da Goronyo inda dangi suka bazu. Madalla da wannan niyya. Yara kaɗan ne ke tambaya yanzu, kuma matambayi ba ya ɓata. Sai dai na ji kana shirin fara aikin daga ofis-ofis, kana neman tsofaffin takardun gonaki da sanarwar rasuwa. Zauna tukuna, ka ji ta bakina.

Takarda za ta jira ka. Gwaggonka ba za ta jira ba. Fara da ita, da duk wata tsohuwa da ta rage a cikin gida, kafin ka je zauren maza. Maza sun riƙe sunan uba da na kaka, sun san wanda ya yi sarauta da wanda ya yi limanci. Mata su ne suka san wa ya auri wa, daga wane ƙauye aka kawo amarya, wane yaro ne aka ba wa riƙo, wane ne ya sha nono ɗaya da wane. Ka tafi da goro da ɗan sabulu. Kada ka zaro littafi da biro tun daga bakin ƙofa, za ta ɗauka daga hukuma kake. Ka bari hira ta yi daɗi. In ta kauce ta shiga labarin bikinta, ka bi ta, domin sunayen da kake nema suna cikin waɗanda suka raka ta.

Ka lura da kunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, ba za ta kama na ɗan farinta ba, wani lokaci har na surukinta. Za ta ce Malam, ko mai gidan nan, ko ta kira laƙabi. Kada ka matsa mata. Ka rubuta laƙabin yadda ta faɗa, ka nemi sunan yanka a wurin wata. Ka kuma sani mutum ɗaya yana iya fito maka da fuska uku. Garban da kaka ke faɗi shi ne Abubakar na takardar alƙali, shi ne kuma Buba a bakin danginsa na ruga. Sanda Umaru ne. A ƙasarmu Bello kaɗai ya isa ya rikita ka, don kusan kowane gida yana da nasa, saboda ƙaunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno tun 1837. Waɗanda suka shiga makarantar boko kuma sau da yawa sunan garinsu aka liƙa musu. Sardauna kansa Ahmadu Rabah ake kiransa kafin duniya ta san shi da Ahmadu Bello. Saboda haka in ka ga mutum biyu da Goronyo a ƙarshen sunansu, kada ka yi saurin ɗaura musu 'yan'uwantaka.

Tsofaffi ba sa lissafi da lambar shekara. Da abin da ya faru suke yi. Wata za ta ce an haifi babanta shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, ka san 1903 ke nan. Wata ta ce zamanin yunwar Kakalaba, wajen 1914. In aka ce shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, 1938 ce, kuma ya yi shekara hamsin a kan gado, don haka "zamanin Abubakar" kaɗai bai ishe ka ba, sai ka ƙara tambaya. Rasuwar Sardauna, Janairun 1966. Babban fari, 1973. Ka yi wa kanka jerin irin waɗannan a bangon littafinka, kana rataya kowane suna a inda ya dace.

To, sai takardu. Kafin ka hau mota zuwa ko'ina, ka roƙi izinin buɗe adakar gida da gafakar malam. A nan ake samun abin mamaki. Za ka ga 'yar takarda ta yi ja don tsufa, an ninke ta huɗu, gara ta ɗan taɓa gefe. Rubutun ajami ne ko Larabci, da tawadar allo. Ta ce wane ɗan wane ya sayar wa wane gonarsa ta fadama a kan kuɗi kaza. Gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma burtali, kudu tsamiya, arewa gulbi. A ƙasa ga sunayen shaidu, ga dangwalen yatsa, wani lokaci ga hatimin hakimi ko na alƙali. Kada idonka ya tsaya a kan mai saye da mai sayarwa. Dubi maƙwabtan gonar da shaidun. Gonar gandu in aka raba ta, 'yan'uwa ne ke zama iyaka da juna. Sau da yawa mai gonar gabas ɗin nan ƙanen kakanka ne da ba a taɓa ambata maka ba.

In babu kwanan wata, kuɗin zai gaya maka. Fam da sule, kafin 1973 ne. Naira da kwabo, bayan nan. In shekarar Hijira aka sa, ka riƙe cewa 1300 ta kama a ƙarshen 1882, 1400 kuma a ƙarshen 1979, sai ka ƙirga daga nan. Kan takarda ma shaida ne. Akwai na En'e ta Sakkwato, akwai na Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, akwai na Jihar Sakkwato daga 1976.

Kada ranka ya ɓaci in ba ka sami komai ba. Yawancin gonakinmu ba su taɓa ganin takarda ba. Gado ne, ko kyauta, ko aro, ko jingina, an ƙulla a gaban mai unguwa da dattawa, an shafa fatiha. Tun dokar Turawa ta 1910 ƙasar Arewa a hannun hukuma aka ce take, dokar 1978 kuma ta damƙa ta amana a hannun gwamna. Manomi ya ci gaba da nomansa bisa sanin mutanen gari. Rashin takarda ba ya nufin gidanku ba shi da tushe. Yana nufin maganar mutum ta wadatar a lokacin.

Inda na fi sa maka rai shi ne littafin alƙali. Rabon gado ya fi kowace takarda faɗin gaskiyar gida, domin shari'a ba ta yarda a tsallake magaji ba. Dole a lissafa matan mamaci, tun da suna da tumuninsu in akwai 'ya'ya. Dole a lissafa 'ya'ya mata, tun da kowace tana da rabin rabon namiji. A nan kaɗai za ka ga sunayen da takardar gona ta manta da su. Ba kowane gado ne ya je gaban alƙali ba, mutane da yawa sun gwammace malamin unguwa ya raba musu don gudun ushira. Amma wanda ya je, an rubuta. Ka tambaya a kotun yankin da ladabi, ka nemi tsohon magatakarda ko da ya yi ritaya. Shi ya san inda aka jibge tsofaffin littattafai, da waɗanda ruwa ya ci.

Maganar ruwa ta tuna mini da Goronyo. Da aka datse gulbin Rima, aka kammala dam a 1984, wasu gonaki sun koma ƙarƙashin ruwa, wasu mutane sun sauya mazauni. Inda aka auna gona don diyya ko don rabon filin noman rani, an rubuta sunaye, don haka ka leƙa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ambaliyar 2010 kuma ta rushe gidaje da yawa a wannan kwari, ta tafi da adakoki da abin da ke cikinsu. In wani gida suka ce takardunsu sun bi ruwa, gaskiya suka faɗa.

Daga nan sai Sakkwato, gidan tarihi na Waziri Junaidu. Shi marigayin ya rubuta Tarihin Fulani, kuma in gidanku ya haɗa jini da gidan Shehu ko na waziri, hanyarka ta yi sauƙi. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da kuma Gidan Arewa. A can ne fayilolin Lardin Sakkwato suke, har da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta lokacin da suke zagaya gundumomi don ƙiyasta haraji. Za ka sami sunayen ƙauyuka, da na masu riƙe da su, da ƙidayar mutane da dabbobi. Amma in kakanka talaka ne mai fartanya, da wuya ka ga sunansa. A matsayin lamba ya shiga. Ka je da wannan sanin don kada ka dawo da ɓacin rai.

Sanarwar rasuwa kuma tamu daban ce. Mu ba ma jinkirta jana'iza, ba mu kuma saba rubuta suna a kabari ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, New Nigerian daga Kaduna a 1966, amma rasuwar manya suka fi bugawa, sarakuna da alƙalai da ma'aikata. Ta rediyo kuwa, irin wadda ake ji a gidan Rediyon Rima, iska ce ke ɗauka. Ka saurari yadda ake tsara ta. An ce ya rasu yana da shekara kaza, ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya da jikoki da dama, daga cikinsu akwai Alhaji wane na ma'aikata kaza. Mutum ɗaya ko biyu aka ambata, sauran goma ko tara sun shige cikin "daga cikinsu". Shekarun ma yawanci kintace ne. Ka karɓi lissafin 'ya'yan, ka je ka nemo sunayensu da ƙafarka.

Abin da ya fi wannan daraja shi ne marsiyya da rubutun gefen littafi. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa wasu mata da ba don ita ba da ba mu san sunansu ba. Malaman ƙauye sun gaji wannan ɗabi'a daidai ƙarfinsu. Duba bangon ƙarshe na littattafan malamin gidanku. Wani ya rubuta: ran Talata, goma ga watan Safar, Allah ya yi wa wance rasuwa. Layi ɗaya ne, amma wanda ya halarci jana'izar ne ya rubuta.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce ka zauna. Mai tono ba ya zaɓen abin da zai tono. Wurno ribaɗi ce, Bello ya kafa ta don tsaron iyaka da Gobir, aka tara mutane iri-iri a cikinta: malamai, mayaƙa, Fulanin da aka zaunar, masu sana'a, da bayi. Lokacin da Baturen nan Barth ya sauka a garin a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, fadar mulki ya tarar, cike da jama'a daga ko'ina. Kowa a cikinsu ya bar zuriya. Kana iya fita neman malami ka tarar da kaka da aka kamo a yaƙi, ko wanda ya fanshi kansa a gaban alƙali, domin sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Kana iya tarar da Bagobirin da ya yaƙi waɗanda kake alfahari da su. In haka ta faru, ka yi masa addu'a kamar yadda za ka yi wa malamin. Wahalar da ya sha ce ta kawo ka. In kuwa asirin gidan wani ka gani a hanya, ka rufe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kalma ɗaya daga bakinka tana iya fasa auren yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Haka kuma takardar gona. Za ka iya ganin wata fadamar albasa da ke hannun 'ya'yan baffanka jingina ce tun asali, ko kuma rabon wata gwaggo ne da ba a ba ta ba. Zuciya za ta ce ka tafi kotu. Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka sa a waya kowa ya gani. Ka kai wa babban gida da malami mai tsoron Allah, a zauna a cikin ɗaki. In haƙƙin marainiya ne ko na mace, a mayar mata, wannan ba abin yin shiru ba ne. Amma a bi ta hanyar da gobe za a iya haɗuwa a wurin suna da jana'iza. Na ga gidan da shari'ar kadada ɗaya ta raba, har yau jikoki ba sa gaisawa, gonar kuwa kuɗin zirga-zirga ya cinye ta.

Wani reshen dangi kuma za ka ga ya yanke kwatsam wajen 1903. Kafin ka ce sun ƙare, ka tuna da waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas. Bayan yaƙin Burmi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, kuma garin da suka kafa a bakin kogin Nilu, kusa da Sennar, da sunansa ake kiransa har yau. Wasu kuma cin rani ya kai su Gwanja ko Kurmi suka zauna. Ka bar musu fili a littafinka.

Ka kula da hanya. Ka san halin rashin tsaro da ƙauyukan Rabah da Goronyo suke ciki a shekarun nan. Kada son tarihi ya kai ka inda mutanen wurin da kansu suka baro. Tsofaffin da kake nema da yawansu suna cikin gari yanzu, a gidajen dangi, ba gona ba aiki, suna marmarin wanda zai tambaye su sunan ƙauyensu. Ka same su a nan.

Duk takardar da aka nuna maka, ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka mayar wa mai ita a hannunsa. Kada ka shafa mata gam ko ka liƙe ta da leda mai zafi. A ƙarƙashin kowane suna ka rubuta wanda ya gaya maka da ranar da ya faɗa. In baki biyu suka saɓa, ka rubuta duka biyun. Idan ka gama ka yi kwafi uku, ɗaya Wurno, ɗaya Rabah, ɗaya Goronyo, kuma a kowane gida ka damƙa wa wanda ya fi kowa riƙon amana, ko da mace ce, ko da ba ita ce babba ba.