Darasin lafiya: hatsi, sukari da zuciya

A gundumomin Tasawa da Mayahi, hatsi shi ne uban abinci. Da shi ake fura, da tuwo, da kunu. Hatsi, dawa, masara, shinkafa da rogo dangi ɗaya ne. Su ke ba jiki ƙarfi. In an ci su, sai su narke su zama sukari cikin jini. Da wannan ƙarfi manomi ke riƙe hauya.

Amma ba duka suke tafiya ɗaya ba. Hatsin da ba a surfe ƙwarai ba yana narkewa sannu sannu, saboda dusar da ke jikinsa. Haka ma wake. Farar shinkafa, burodi da sukarin shayi kuwa, nan da nan suke shiga jini. Abin da jiki bai ƙone da aiki ba, sai ya zama kitse. Daga nan ƙiba ke zuwa, da ciwon sukari, da hawan jini. Su ne ke lalata hanyoyin jini, har zuciya ta kasa, ko ɓarin jiki ya shanye.

A shekarar 2019, cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a duniya. A 2015, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce ushirin ƙarfin abincin yini. Ga babban mutum, wajen giram 50 ke nan, wato ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemu guda tana iya ɗauke da fiye da rabin haka.

Abin da ya kamata a yi:

1. A sassauta surfe.
2. A dama fura da nono, a rage sukari.
3. A haɗa tuwo da wake, zogale, yakuwa ko kuka.
4. Mai son zaƙi ya ci goribar Gulbin Kaba, maimakon alewa.
5. A rage gishiri.
6. Magidanta da uwayen gida su riƙa zuwa likita awon jini, don hawan jini ba ya sallama.

Wannan darasi bai ce a rage wa yara da mata masu ciki abinci ba. Su ƙari suke bukata.

Tambayoyi: Mene ne amfanin dusa? Cokali nawa na sukari ke shiga shayin gida a yini?

Rigakafi ya fi magani.